Gejin baƙin mai yana tsalle da kanshi in na taka mota a hanyar Kaduna, turbo ne ko ringi?

Ɗan_Samaru:

Assalamu alaikum jama'ar gida, dan Allah masana inji a taimaka min da shawara kafin in je in zubar da kuɗin da ba ni da su. Passat ce ƙirar 2007 mai inji 2.0 turbo, ta Amurka, na saye ta a hannun wani a Kaduna wata bakwai da suka wuce, shi ma ya ɗan ja ta a nan gida kafin ya sayar min. A cikin garin Zariya wallahi ba ta da matsala, kullum daga Samaru in sauke yara a makaranta in bi ta Kwangila in shiga Sabon Gari in dawo, silonta lafiya lau, ba hayaƙi ba ƙara, har maƙwabcina yana cewa na yi sa'ar mota.

To ranar Asabar muka kama hanyar Kaduna za mu ɗaurin aure mu huɗu, bayan mun wuce Jaji sai ga tirela biyu a jere, na ce bari in haɗa su in wuce gaba ɗaya, na danna totur har ƙasa mota kuwa ta amsa, amma ko minti biyu ba a yi ba sai warin baƙin mai ya cika mana ciki, na duba madubi na ga hayaƙi shuɗi-shuɗi yana bin mu. Na gangara gefe na buɗe bonet. Gejin baƙin mai ya fito daga raminshi kamar tsawon ɗan yatsa, mai ya fantsama a jikin inji har ya ɓata bonet ɗin ta ciki, gefen murfin da ake zuba mai ma ya jiƙe sharkaf. Na mayar da gejin na danna, na goge da tsumma, muka lallaɓa a 80 har Kawo ba abin da ya sake faruwa. Da za mu dawo na ce bari in sake gwadawa wajen Birnin Yero, ai kuwa ya sake tsalle.

Daga Litinin zuwa yau bakanike uku na gani kuma kowa da nashi karatun. Na farko ya kwance tiyon intakula, wato mai sanyaya iskar turbo, ta ƙasa, mai ya zubo kamar rabin kofin shayi, ya ce shi kenan turbo ta mutu a nemo wata, kuɗin da ya faɗa min kuwa sai da na nemi benci na zauna. Na biyu ko bonet bai gama buɗewa ba ya ce ringi ne a sauke inji. Na uku wani dattijo ne tsohon mai gyaran Peugeot, ya ce yaro kada su cinye ka, numfashi ne ya yi wa injin yawa, a yanke tiyon birida a sake shi yana kallon ƙasa magana ta ƙare.

Wanne zan bi? Kuma mene ne yake tura gejin nan waje tunda ba hannu ne da shi ba? Yanzu kuma na fara ganin ɗigon mai a tsakar gida daidai tsakanin inji da giyabos, uwargida har ta fara zuba toka a wurin.

Direban_Hanyar_Funtua:

Wa alaikumus salam. Oga ka bi maganan dattijon nan kawai ka huta, su tsofaffin nan sun san abin da suke yi. Ni na ja babban motan lodi 911 shekara tara kafin in dawo ƙananan motoci, tiyon biridan shi haka yake lilo a ƙasa yana fesar da hayaƙin shi, kuma motan nan ya je Legas ya dawo ba adadi da lodin masara ba a taɓa sauke injin ba a hannuna. Yanzu ne aka zo da motoci masu tiyo ɗari, wannan ya shiga wancan wancan ya shiga wannan kaman hanjin akuya, duk dan a ci kuɗin talaka ne. Yanke ka ɗaure da waya ka ci gaba da harkan ka.

Bakaniken_Tudun_Wada:

Direba Allah ya bar zumunci amma kada ka sa bawan Allah ya kashe motarshi. 911 dizal ce ta zamanin da, ba ta da burin bos, wato kwamfutar inji, ba ta da sensa, ita daban wannan daban.

Alhaji mai Passat kada ka sayi turbo kuma kada ka bari a sauke maka inji tukuna. Shekara sha shida ina kan motocin Jamus kuma abin da ka lissafa na gan shi ba sau ɗaya ba sau biyu ba. Bari in maka bayani yadda nake yi wa yarana a gareji, ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Duk inji, ko yau aka ciro shi daga kwali, in wuta ta tashi a saman fistin akwai ɗan hayaƙin da yake sulalewa ta gefen ringi ya gangara ƙasa inda baƙin mai yake kwance a botom filet. Ringi ba ya rufewa ɗari bisa ɗari. Hayaƙin nan ɗanyen fetur ne da tururin ruwa da ƙuna, in ya taru a ƙasa dole ya nemi hanyar fita, kamar tukunyar wake ce da aka danne murfinta, in ba ka bar mata kafa ba ita za ta nemi kafarta. Wannan kafar ita muke kira birida, a takarda PCV. A mota marar turbo abin da sauƙi, tiyo ɗaya ne daga murfin saman inji zuwa manifol, wato bututun da yake raba wa silinda iska, shi manifol kusan kullum zuƙa yake yi, sai ya zuƙe hayaƙin ya mayar cikin silinda a ƙone shi.

To mai turbo fuska biyu gare ta, nan ne mutanenmu suke ruɗewa. In kana silo ko kana bin go-sulo a PZ manifol zuƙa yake yi kamar kowace mota. Amma da ka danna totur turbo ta ɗauka sai manifol ya daina zuƙa ya koma hurawa, a irin injinka iskar tana kaiwa wajen PSI 14, ka ga ta kusa rabin abin da falkanaiza yake sa maka a taya. Shi ya sa aka yi wa injin hanci biyu. Na gaba yana zuwa manifol, a cikinshi akwai bawul mai hanya ɗaya, in manifol na zuƙa ya buɗe, in ya fara hurawa ya rufe ruf. Na baya kuma bututu ne da yake tashi daga bayan murfin saman inji ya sauka bakin turbo inda take shaƙar iska, can kuwa lokacin da ka taka ne zuƙa take ƙaruwa. Wato a cikin gari na gaba ne yake aiki, a kan babbar hanya na baya ya karɓa.

Yanzu ka auna da labarinka. A gari lafiya, a 80 lafiya, sai ka taka sosai geji ya yi tsalle. Abu biyu nake zargi, ko dai bawul ɗin gaba ya daina rufewa turbo tana hura iskarta kai tsaye cikin inji, ko kuma hancin baya ya toshe hayaƙi ya rasa mafita daidai lokacin da ya fi yawa. Ko duka biyun. Iskar ce take ɗaga gejin, don shi ne ƙofar da ta fi sauƙin buɗewa, bayanshi sai gasket ɗin murfi sai oyil sil. Ɗigon da uwargida take zuba wa toka sil ɗin bayan karanshaf ne ya fara kuka.

Maganar man da aka gani a intakula kuwa, mutane ba su san cewa man da yake shiga turbo famfo ne yake tura shi amma wajen dawowa ba mai tura shi, gangarowa yake yi da kanshi ta bututu zuwa botom filet. In ƙasa ta cika da iska man ba zai sauka ba, sai ya taru a cikin turbo, ita kuma ba sil na roba gare ta ba, ɗan ringin ƙarfe ne kamar na fistin, sai man ya tsallake shi, wani ya bi ta intakula wani ya faɗa salansa ya zama shuɗin hayaƙin da ka gani a madubi. Turbo lafiyarta ƙalau ake mata sharri. Na san wanda ya canza turbo sau biyu a wata uku hayaƙi bai tsaya ba.

Ga abin da za ka sa a yi a gabanka, kada ka bar motar ka tafi. A cire tiyon da ya haɗa birida da manifol ta gefen manifol, a goge bakin, ka hura da bakinka zuwa wajen inji. In iska ta wuce bawul ya mutu, in ta tokare yana da rai. Sannan a kwance bututun baya gaba ɗaya a leƙa cikinshi da tocila, har guntun tiyon roba da yake haɗa shi da murfi. Sannan mota na silo ka buɗe murfin mai, lafiyayyen inji za ka ji yana ɗan riƙe murfin kaɗan kuma silo zai ɗan canza, in ya riƙe gam sai da ƙarfi ko kana jin fito to robar cikin biridan ta yage, in kuma yana bugo hayaƙi fuf fuf fuf kamar jirgin ƙasa to a nan ne za mu fara maganar ringi. Shi ma ba da baki ba, a sa geji a ramin fulogi a auna kowace silinda.

Injiniya_Palladan:

Oga bakanike ya gama magana, ni ƙari kawai zan yi musamman a kan shawarar yankewa, don na ga mutane da yawa a garin nan suna yawo da tiyo a sake.

Abin da Baba mai Peugeot ya faɗa ba ƙarya ba ne a zamaninshi. Da can haka duk motoci suke, bututu ne yake sauka ƙarƙashin mota, in tana gudu iskar hanya ta ja hayaƙin, in ta tsaya kuwa ba abin da yake ja. Jihar Kalifoniya ta Amurka ce ta fara tilasta mayar da hayaƙin cikin inji a sababbin motocin 1961 saboda gurɓatar iska, kafin 1964 yawancin sababbin motocin ƙasar sun koma haka. Sai kuma aka ga ashe injin ma ya fi jin daɗi, don zuƙar tana kwashe tururin ruwa da fetur kafin su dame da baƙin mai su zama wannan baƙin kunun da ake kankarewa a botom filet.

A motarka ga abin da zai faru in ka yanke. Akwai sensa a bayan filtar iska da take ƙirga duk iskar da ta shiga, da lissafinta burin bos yake ba nozul umarnin yawan fetur. Bututun bayan nan a bayan sensar yake haɗuwa. In ka yanke ka bar ɓangaren turbo a buɗe, iskar da ba a ƙirga ba kuma ba a tace ba za ta shiga kai tsaye kan farfelar da take juyi sama da 100,000 a minti ɗaya, ka tuna ƙurar Zariya a watan Janairu, ai yashi kake ba ta. In ka toshe ɓangaren turbo ka bar na inji a buɗe, to a silo hancin gaba zai riƙa jawo iskar waje ta cikin injin, ƙura ta shiga mai, lissafin fetur ya rikice, fitilar cek ta kama, in an sa kwamfuta ka ga lambar matsala P0171 ko P2187. Ga wari a cikin mota in ka kunna AC. Dizal irin ta Direba ba ta da wannan zuƙar ta manifol tun asali shi ya sa bai ga matsala ba.

Inda zan ɗan saɓa da Oga shi ne gwajin murfin mai, yana da amfani amma a wannan matsalar zai iya nuna maka komai lafiya, tunda a silo ake yinshi ita kuma cutar sai turbo ta ɗauka take tashi. Kada ka ga murfi ya ɗan riƙe ka ce an gama.

Wasu za su ce maka ka sa gwangwanin tarar mai, wanda ake sakawa a tsakiyar tiyo hayaƙi ya bi ta ciki mai ya kwanta iska ta wuce. Ni ina da shi a tawa kuma ba na kushe shi, don injin nan nozul ɗinshi cikin silinda yake fesawa kai tsaye, fetur ba ya wanke bayan bawul ɗin shan iska kamar a tsofaffin injina, sai tururin mai ya riƙa daskarewa a wurin har ya zama gawayi, kuma tururin in ya yi yawa yana rage wa fetur ƙarfin jure matsi, inji ya fara ƙwanƙwasa burin bos ya rage wuta. Gwangwanin yana ragewa, ba ya hanawa gaba ɗaya. Amma ba magani ba ne ga abin da yake damunka yanzu, kuma in aka sa marar raga a ciki ko aka haɗa shi da siririn tiyo irin na fetur ɗin janareta to an ƙara shaƙe injin ne. Sai kuma juyewa, ni lokacin sanyi duk sati biyu nake buɗe nawa, abin da yake fitowa kamar kunun gyaɗa da ya kwana, rabi ruwa ne saboda gajerun tafiye-tafiye inji bai gama zafi ba an kashe. In ka manta ya cika ka koma gidan jiya.

Ɗan_Samaru:

Jama'a na dawo, Allah ya saka da alheri. Oga na Tudun Wada wallahi kamar kana wurin.

Yau da safe na kai ta wurin wani yaro da yake min sabis na ce ba abin da za ka yi sai abin da na karanto maka daga waya. Muka cire tiyon gaba na hura, iska tana ɗan wucewa kaɗan-kaɗan, ba ta tokare gam ba, bakina har yanzu ɗanɗanon baƙin mai yake. Sai muka koma baya, wurin matsattse ne ga zafi sai da muka jira inji ya huce, yaron ya zura hannu ya ce Alhaji akwai waya a ɗaure a nan. Da ya ciro guntun tiyon roban sai ga tsohon fulogi an cusa a ciki ta gefen farin kaskon, an naɗe da wayar ɗaurin rodi an murɗe da filaya, an mayar da tiyon mazauninshi yadda in ka leƙa ta sama ba za ka taɓa ganewa ba. Fulogin ya yi baƙi ƙirin, da ƙyar ya fita sai da aka tsaga tiyon da reza. Muka tsaya muna kallon juna ni da yaron.

Na kira wanda ya sayar min, ya ce shi bai sani ba amma ya tuna akwai lokacin da aka ga mai a bakin turbo wani ya ce zai tsayar da shi, kuma ya tsaya ɗin. Ka ji fa. Shi ma ashe a cikin gari kawai yake jan ta.

Mun auna silinda kuma, 170, 175, 170, 165. Yanzu me ya rage? Zan sa a kawo min biridan gaba daga Panteka ko Ƙofar Ruwa, amma sil ɗin bayan nan fa dole sai an sauke giyabos?

Bakaniken_Tudun_Wada:

Alhamdulillah, da wannan awon ringinka ba ruwanshi, ka gaishe min da mai cewa a sauke inji.

Ka canza biridan gaba tunda ya fara sakewa, mota ta kusa shekara ashirin ai ya yi ƙoƙari, ka haɗa da gasket ɗinshi da sabon guntun tiyon baya. Ka tafi da tsohon a hannu a gwada lambar da take jiki, don an yi su kala-kala, wani bawul ɗinshi na biyu yana cikin bututun baya wani yana cikin biridan, in aka haɗa maka waɗanda ba su dace da juna ba za ka dawo nan da sabon labari. Kuma ka hura sabon a gaban mai shago kafin ka biya, na Beljiyam da yawa a mace suke zuwa.

Giyabos kada ka taɓa yanzu. A wanke injin tas, a juye man da yake cikin intakula da tiyoyinta, ka ja ta sati biyu kana sa kwali a ƙasa da daddare. Sau da yawa in iska ta daina tura sil ɗin ɗigon yana raguwa ko ya tsaya, in leɓenshi ya riga ya juye ne to ba makawa sai an sauke. Hayaƙi ma zai ɗan ci gaba kwana biyu kafin man da ya kwanta a salansa ya ƙone, kada ka tsorata. Mai kuma 5W-40 za ka zuba mai lambar VW 502 00 a jikin galan, kada wani ya ce maka a sa 20W-50 wai don ya toshe yoyo. Tunda an buɗe wurin ma ka sa a ciro famfon fetur na saman inji a duba ɗan kofin ƙarfen da yake ƙarƙashinshi, yana cinyewa a irin injin nan, aikin minti talatin ne.

Direban_Hanyar_Funtua:

Toh ni dai na ce a buɗe ne ban ce a toshe ba, ku shaida. Oga in ka gama da fulogin nan ka aje min, janareton gida na neman ɗaya.

Ɗan_Samaru:

Direba fulogi na nan a aljihun ƙofa ka zo Samaru ka karɓa. An haɗa komai jiya da yamma, na fita da ita hanyar Kano har Tashar Yari na taka ta sau uku yadda na yi a Jaji, na tsaya na buɗe bonet geji na zaune a wurinshi, gefen murfi a bushe. Hayaƙi ya ɗan fito a takun farko daga nan ban ƙara gani ba. Kwalin da na shimfiɗa da daddare na samu ɗigo biyu da safe, da kuwa sai ya yi faɗin tafin hannu. Injiniya in sati biyun ya cika zan neme ka ka nuna min irin gwangwanin naka da inda ka ɗaure shi, don na leƙa ban ga fili a gefen batir ba.